"Bahaushiya": Kundin Adam A. Zango da ya raba kan jama'a, ya kai mai shi gidan yari

A tarihin waƙar Hausa ta zamani, da wuya a sami kundin da aka yi jayayya a kansa kamar "Bahaushiya", kundin waƙoƙin bidiyo na Adam A. Zango, mawaƙi kuma ɗan wasan fim ɗan asalin jihar Kaduna. Hukuncin da ya fi tasiri a kan wannan aiki daga bakin alƙali ya fito, shi ya sa har yau ake komawa gare shi duk sa'ad da aka taso da maganar 'yancin mawaƙa a Arewa.

Yanayin da kundin ya fito a ciki

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2000. Malam Ibrahim Shekarau ya hau mulki a 2003, gwamnatinsa kuma ta ɓullo da shirin gyaran tarbiyya mai suna A Daidaita Sahu. A watan Agustan 2007 wani bidiyon sirri na wata fitacciyar 'yar fim ya bazu a wayoyin jama'a, lamarin da ya tayar da ƙura a masallatai da gidajen rediyo. Gwamnati ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, wanda ya fito daga Hukumar Hisba, ya shugabanci hukumar tacewar, aka kuma dakatar da ɗaukar fim na tsawon wata shida.

Ana cikin wannan zafi ne aka kama Zango a watan Satumban 2007. Kotun tafi-da-gidanka mai shari'ar 'yan fim ta same shi da laifin sakin kundin ba tare da an tace shi ba, ta yanke masa ɗaurin wata uku da tarar naira 100,000.

Abin da masu suka suka riƙe

Masu sukar kundin, waɗanda suka haɗa da jami'an hukumar da wani sashe na malamai da iyaye, sun fi mayar da hankali kan hoto fiye da baiti. A ganinsu rawar da ke ciki da irin suturar 'yan matan sun saɓa wa addini da al'ada. Sunan kundin ma ya ƙara wa wutar itace, domin kalmar Bahaushiya a wurinsu tana ɗauke da kunya da kamun kai, ba su kuwa ga alamar waɗannan a cikin bidiyon ba.

Abin da masoya suka riƙe

Matasa masu sauraro sun kalli al'amarin ta wata fuskar. Da yawa sun ɗauka an huce haushin wani laifi ne a kan wanda bai aikata shi ba. Sun kuma riƙa tambayar dalilin da ya sa finafinan Indiya da waƙoƙin Legas, masu irin wannan rawa ko fiye, suke yawo a kasuwa ba mai cewa uffan. Wayar hannu ta ba su hanyar bayyana ra'ayinsu: abin da aka hana a shago sai ya riƙa tafiya daga waya zuwa waya ta Bluetooth, inda hannun hukuma ba ya kaiwa.

Matsayin Kaduna

Ikon hukumar tacewar ya tsaya ne a iyakar jihar Kano. Saboda haka mawaƙa da 'yan fim da dama suka karkata zuwa Kaduna da Jos. Arewacin kogin Kaduna, wato unguwanni irin su Tudun Wada da Kawo da Unguwar Sarki da Rigasa, yana da ɗimbin masu jin Hausa da za su sayi kaya, ga shi kuma doka ta daban ce ke aiki a can. Bayan fitowarsa daga gidan yari, Zango ya saki waƙar "Oyoyo", inda ya caccaki gwamnatin Kano da shirin A Daidaita Sahu. Wanda aka ɗaure a kan rawa ya dawo yana waƙar siyasa.

A watan Yunin 2009 kotun ta haramta saurare da yaɗa waƙoƙi 11, ciki har da "Oyoyo", da "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, da "Hasbunallahu" ta Aminu Ladan Abubakar Ala. A watan Yuli aka kama Ala shi ma.

Misali daga Amurka

Irin wannan rarrabuwar kai ba a ƙasar Hausa kaɗai take faruwa ba. A 2003 jagorar ƙungiyar Dixie Chicks, masu waƙoƙin karkara na Amurka, ta soki Shugaba George W. Bush a Landan gab da mamayar Iraƙi. Gidajen rediyo da yawa suka daina sa waƙoƙinsu, wasu masoya suka farfasa faifansu. Kundin da suka mayar da martani da shi a 2006, "Taking the Long Way", ya ci kyautar Grammy biyar a 2007. A can kasuwa ce ta yi hukunci, a Kano kuwa kotu.

Abin da ya biyo baya

Ɗaurin bai dakushe tauraruwar Zango ba, domin daga baya ya yi fice da finafinai irin su "Basaja" da "Gwaska". Dokar tacewar ma ba ta tafi tare da gwamnatin Shekarau a 2011 ba. A watan Satumban 2019, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, an gurfanar da Nazir M. Ahmad, Sarkin Waƙa, bisa zargin sakin waƙoƙin da ba a tace ba, a daidai lokacin da ake takun saƙa tsakanin gwamnati da Sarki Muhammadu Sanusi II.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin faɗar albarkacin baki, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita shi domin kare tarbiyyar jama'a. Tsakanin waɗannan sassa biyu ne shari'ar "Bahaushiya" ta faɗa, kuma a nan ne ake ci gaba da ja-in-ja a kan kowace waƙa da ta taɓa mai mulki.