Maraici da Kuntigi: Tushen Wasu Waƙoƙin Ɗan Maraya Jos

Manazarta waƙar baka sun saba kasa makaɗan Hausa gida-gida, wato makaɗan fada da na sana'a da na jama'a. Rabon yana da amfani, sai dai ba ya faɗin dalilin da ya kai makaɗi gidan da aka same shi. Wannan maƙala za ta dubi dalilin a rayuwar Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya kuma rasu a 2015.

Bisa al'ada, kiɗan fada ne gadonsa. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma da ya yi tsawon rai, da ɗan ya tashi cikin 'yan amshinsa, ya gaji kayan kiɗa da ubangida gaba ɗaya. Sai Allah ya yi wa mahaifin rasuwa jim kaɗan bayan haihuwar yaron, mahaifiyar ma ta rasu tun yana ƙarami. Sarkin ne ya riƙe shi. Ke nan ya san fada ciki da bai, amma babu mai ɗora shi a kan kiɗanta.

A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ne ya ga masu kaɗa kuntigi, ya dawo ya haɗa nasa. Abin lura shi ne, kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, wanda ba ya neman mataimaki ko ɗan amshi. A ganina, da wuya a sami kayan kiɗan da ya fi dacewa da wanda bai gaji ƙungiya ba.

Tasirin wannan tashi ya fi fitowa a waƙar Karen Mota. Haƙar kuza ta tara leburori da motoci a Bukuru da Jos, kuma a tasha babu wanda ake rainawa kamar yaron mota: shi ke kiran fasinja, shi ke canza taya, shi ke turi in mota ta mutu, suna kuwa na direba ne. Sunan da ake kiransa da shi ma zagi ne. Ɗan Maraya ya ɗauki yabo, wanda a fada hakkin masu sarauta ne, ya ba wannan yaro. Wanda ya ci tuwon gidan da ba na ubansa ba ya san zafin aiki babu godiya.

Haka nan a Jawabin Aure da Gulma Wuya, hankalinsa yana kan abin da ke rusa gida, har yakan kwaikwayi muryoyin masu rikicin shi kaɗai.

Amma kada a kai maraici inda bai je ba. Waƙoƙin da ya yi wa sojojin tarayya a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 zamani ne ya haife su, kuma makaɗa da yawa waɗanda suka tashi a gaban iyayensu sun yi irinsu.