Daga Ina Kalmar Alharini Ta Zo Mana?

Ran da aka buɗe adakar kakana bayan rasuwarsa, an tarar da wata tsohuwar riga mai ratsin jan zare mai sheƙi. Ƙannena suka ce siliki ne. Gwaggo ta ce, "Kai, ku dai yaran zamani! Alharini ke nan." A cikinmu babu wanda ya san abin da take nufi, har da ni da ake cewa ina nazarin Hausa. Kunyar wannan ce ta sa na shiga bincike.

Asalin kalmar Larabci ne, watau al-harir. Bahaushe ya haɗiye ta tare da "al" ɗinta, kamar yadda ya yi wa alƙalami da almakashi, sa'an nan ya mai da "r" ta ƙarshe "n", ya ɗora mata wasali. Amma wajen ma'ana ya taƙaita ta. A wurin Balarabe kowane irin siliki harir ne. A bakin masaƙanmu kuwa, alharini ya fi tafiya a kan jan zaren nan da fatake ke ɗaukowa a raƙuma daga Tarabulus, ta Gadamas, har Kano, inda Larabawa ke zaune a Dandalin Turawa. Yawancinsa ragowar zaren masaƙun Turai ne aka rina. Barth ya tarar ana cinikinsa sosai da ya zo Kano a 1851. Daga nan ya gangara kudu, har Yarabawa suka sami nasu alaari.

To, a nan ne na saɓa da masu cewa Larabawa suka koya mana siliki. Ai muna da tsamiya. Tsutsa ce da ke cin ganyen itacen tsamiya take yin gidanta, a dafa gidan da toka, a kaɗa, a sami zaren da ake yi wa manyan riguna aiki. Sunan nan na gida ne, bai bi ta Sahara ba. Abin da baƙi suka kawo shi ne jan, shi ne kuwa ya zo da sunansa.

A 1911 Italiya ta faɗa wa Tarabulus, a shekarar kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Ayari ya mutu, kalmar ta soma ja da baya. Rigar dai na roƙa an bar mini, ban bari an sa ta a rabon gado ba.