Asalin Kiɗan Da Ke Raka Labari A Rediyo

Duk wanda ya kasa kunne ga shirin tarihi a rediyo, ko a Kafanchan yake ko a Kwoi ko Zonkwa, zai ji wani kiɗa yana bin maganar mai ba da labari ƙasa-ƙasa. Ba na rawa ba ne, ba kuma mai waƙa a cikinsa. In an zo wurin yaƙi sai ya yi kauri, in an zo wurin rashi sai ya lafa. Wannan kiɗa yana da asali, ga yadda ya samu.

A zamanin da makaɗan Turai suna da ƙa'ida mai tsanani. Sukan rubuta kiɗa a takarda, su tara masu goge da masu busa da masu ganga, wani sa'i su haura mutum tamanin, kowa na bin rubutun. Dokar kuwa ita ce, sautin da kiɗa ya tashi a kansa, nan zai komo ya sauka, don hankalin mai ji ya kwanta. A kan haka su Mozart da Beethoven suka yi zamaninsu.

Ana nan sai waɗansu samari suka gaji da wannan hanya. A 1889 wani Bafaranshe, Claude Debussy, ya ji makaɗan tsibirin Java suna buga kugensu a wani babban baje koli a Paris. Abin ya shiga ransa, har ya riƙa rubuta kiɗan da ke shawagi, ba ya gaggawar sauka. Wajen 1908 Arnold Schoenberg a Vienna ya yar da dokar komawar nan ɗungum. Ran 29 ga Mayu, 1913, aka fara kaɗa wani kiɗan Igor Stravinsky, mutumin Rasha, a Paris. Bugunsa na faɗowa inda ba a zata ba, har 'yan kallo suka kaure da ihu, waɗansu na yabo, waɗansu na zagi. Shi kuwa Béla Bartók na ƙasar Hungary ƙauye ya nufa. Tun 1906 yake yawo da na'ura yana ɗaukar waƙoƙin manoma, a 1913 ma ya kai har Biskra a Aljeriya. Abin da ya kwaso a bakin talakawa, da shi ya gina kiɗansa.

Akwai kuma wanda jirgin ƙasa ya zame masa malami. A 1923 Arthur Honegger ya rubuta kiɗan da ya sa wa suna Pacific 231, sunan wani irin kan jirgi. Kiɗan yakan fara da nishi kamar inji na tsaye a tasha, ya motsa da ƙyar, ya kama gudu, daga bisani ya ja birki. Mutanen Kafanchan ba sa bukatar a bayyana musu wannan sauti. A 1927 garin ya zama mahaɗar dogo, hanya ɗaya ta gangara Fatakwal, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos. Ƙarar da Honegger ya sa wa masu goge, ita ce ta riƙa ta da ma'aikatan reluwe daga barci.

To, a daidai wannan zamani rediyo ta bayyana. An kafa BBC a Ingila a 1922, nan da nan masu shirye-shirye suka ci karo da wata matsala: mai sauraro ba ya ganin kome. Ta yaya zai san gari ya waye a cikin labarin, ko an tashi daga wannan ƙasa an koma waccan? Sai suka ɗauki kiɗa ya zama manuni. A 1928 Lance Sieveking ya yi wani shiri, Kaleidoscope, inda ya cuɗa magana da kiɗa da ƙarar abubuwa daga ɗakuna dabam-dabam, yana ɗaga wannan yana rage wancan. Daga 1937 Benjamin Britten ya shiga rubuta wa BBC kiɗa don shirye-shirye na musamman.

Me ya sa sabon kiɗan ya dace da wannan aiki? Dalili uku ne. Na fari, tsohon kiɗa yana da kari mai daɗi wanda kunne ke bi har ƙarshe, sai mutum ya shagala ya bar maganar. Sabon kuwa yanayi yake kawowa, na fargaba ko kaɗaici ko hanzari, ya bar wa mai magana fili. Na biyu, tun da ba ya neman wurin sauka, ana iya yanke shi ko'ina ba a ji an yi masa gundul ba. Na uku, rashin saukar nan yakan sa mai sauraro ya zauna da jiran abin da zai biyo baya. Kamar tabarmar baƙo yake: ba ita aka zo gani ba, amma a kanta hira ke zama.

A Najeriya kuwa, tun 1932 aka fara kama BBC a Ikko. Daga baya aka ja wa gidaje da dandali akwatin rediyo mai waya, ya iso Kano a 1944. A 1951 aka kafa gidan rediyon ƙasa, bayan shekara biyu Fela Sowande ya zama shugaban sashen kiɗa. Shi ya rubuta African Suite a 1944, ya ɗora waƙoƙin Afirka ta Yamma a kan gogen Turawa, ya kuma dage a tattara kiɗan gargajiya a adana. Da aka buɗe Rediyon Kaduna a 1962, ƙaramar rediyo mai batir kuma ta yaɗu, sai wannan salo na shiri ya shiga ƙauyukan Jama'a da Kagoro da Jaba.

Abin lura a nan shi ne, waɗansu daga cikin waɗanda suka ƙago sabon kiɗan daga ƙauye da tasha suka samo shi, Kudancin Kaduna kuwa tana da duka biyun. Ga masu ƙaho da ganga a bikin Afan na Kagoro kowace 1 ga Janairu. Ga kaɗe-kaɗen Tuk Ham a Kwoi. Ga kakaki da algaita a fadar Sarkin Jama'a. Ga tulu da caki na Zumuntar Mata. Saboda haka mai shirya tarihin Kafanchan kada ya tsaya ga kiɗan da ya tsinta a intanet. Ya ɗauki na'urarsa ya je wurin dattawan makaɗa tun suna da rai, ya nemi izininsu, ya biya su hakkinsu, ya rubuta sunan kowa da garinsa da shekarar da aka ɗauka. In shirin ya ƙare, ya ambaci sunayensu a iska, don jikokinsu su ji, su kuma koya.