Furotin P-selectin a Ciwon Sikila: Abin Harin Magani ko Ma'aunin Cuta? Nazari daga Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar sakamakon gwaje-gwajen da aka wallafa a kan P-selectin, furotin da ke fitowa a fatar wasu ƙwayoyin jiki, ta kuma auna shi da halin da masu amosanin jini (sikila) suke ciki a Kano. Matsayarta ita ce hujjar toshe furotin da magani ta yi rauni, amma auna yawansa a jini ya cancanci bincike a gida.

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana kan titin Zariya a ƙaramar hukumar Tarauni, daura da Gyadi-Gyadi, kuma abin da ya fi kai masu wannan lalura can shi ne tashin ciwon ƙashi. An daɗe ana ɗora laifin a kan lanƙwasar jajayen ƙwayoyin jini kaɗai. Yanzu an gane cewa kafin jijiya ta toshe, sai ƙwayoyin sun fara manne wa bangonta.

Yadda furotin yake aiki

A 1984 aka gano P-selectin a jikin ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Ba ya zama a fili. Ɓoye yake a wasu 'yan jakunkuna cikin waɗannan ƙwayoyin da kuma ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiya. Da zarar kumburi ko ƙarancin iskar oksijin ya taɓa su, cikin mintoci sai ya fito kan fatar ƙwaya, ya kama wani furotin mai suna PSGL-1 da ke jikin fararen ƙwayoyin jini. Kamar ƙarangiya a bakin zane, kamun ba shi da ƙarfi, amma ya isa ya rage wa ƙwayar gudu har ta tsaya. Jajayen ƙwayoyin sikila sai su taru a bayanta. A 2001 Matsui da abokan aikinsa suka nuna cewa su ma jajayen suna manne wa bangon jijiya ta wannan hanya.

Gwajin magani

Daga nan aka ƙera crizanlizumab, wanda yake rufe bakin furotin. Gwajin SUSTAIN da Kenneth Ataga ya jagoranta, aka wallafa a 2017, ya ƙunshi mutum 198 a Amurka da Brazil da Jamaika. Waɗanda aka ba miligiram 5 a kan kowane kilo sun sami tashin ciwo sau 1.63 a shekara, waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa marar magani kuwa sau 2.98, ragin kashi 45 cikin ɗari ke nan. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2019.

Sai gwaji na mataki na uku, STAND, ya zo da akasin haka: ba a ga bambanci tsakanin masu karɓar maganin da marasa karɓa ba. A 2023 Tarayyar Turai ta janye lasisinsa. Kafin wannan, rivipansel, mai toshe dangin wannan furotin, shi ma ya gaza a 2019. A ganina wannan bai rushe ilimin da ke bayan maganin ba. Ya dai nuna cewa mannewar tana da ƙofofi da yawa, rufe ɗaya ba ya wadatarwa. Ko da ma ya yi aiki, ƙarin ruwa ne duk wata, a kan kuɗin da ya haura dala 80,000 a shekara a Amurka.

A kwatanta da gwajin SPRING da aka yi a Asibitin Malam da wasu asibitocin Arewa tare da Jami'ar Vanderbilt. Yara 220 da na'urar auna gudun jinin ƙwaƙwalwa ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki aka ba maganin hydroxyurea, kuma sakamakon da ya fito a 2022 bai nuna miligiram 20 a kan kowane kilo ya fi miligiram 10 kariya ba. Ma'auni mai sauƙi ne ya zaɓo yaran, magani mai araha ya biyo baya.

Furotin a matsayin ma'auni

Wani ɓangare na P-selectin yana ɓallewa ya narke a ruwan jini, kuma yakan yi yawa a masu sikila. Tambayar ita ce ko yawansa zai iya nuna wanda ciwonsa zai riƙa tashi a kai a kai. A Kano akwai cikas biyu. Zazzaɓin cizon sauro shi ma yana tayar da bangon jijiya da ƙwayoyin daskarar da jini, don haka awon damina ba zai zama ɗaya da na rani ba. Na biyu, idan aka bar jinin da aka ɗiba ya daskare ko ya jima a zafi, ƙwayoyin suna sakin furotin a cikin kwalba, adadin ya hau na ƙarya.

Binciken da ya dace shi ne a bi rukuni guda na marasa lafiya tsawon shekara, a auna su lokacin da suke lafiya da lokacin da ciwo ya tashi, a yi gwajin maleriya duk ranar da aka ɗibi jini, a ware masu shan hydroxyurea daban, sannan a tace jinin a kwalba mai hana daskarewa ba tare da jinkiri ba.