Danna Kunamar Bindiga Ba Harsashi: Daga Ina Hanin Ya Samo Asali?

A shagunan bindiga na Amurka, ba a danna kunama sai an nemi izinin mai shago, ko da bindigar ba harsashi. Wannan ladabi yana da tarihi.

A 1845 Bafaranshe Flobert ya ƙera harsashin da sinadarin tayar da wutarsa ke gefen gindin kwanso. A 1857 kamfanin Smith & Wesson ya fito da harsashin .22 bisa wannan tsari. A irin wannan bindiga, gefe allurar bugu take sara. In akwai harsashi, tagulla mai laushi take samu. In babu, sai ta daki ƙarfen mazaunin harsashi. Yau da gobe allurar ta dakushe ko ta karye, mazaunin ya lotsa.

A 1866 Berdan a Amurka da Boxer a Ingila suka yi rajistar harsashi mai sinadari a tsakiya. Nan allurar ba ta samun ƙarfen da za ta daka, shi ya sa yawancin ƙananan bindigogin zamani ke jurewa. Glock ma sai an danna kunama ake kwance ta.

Amma ladabin yana nan, domin kayan mai shago ne, kuma "ai ba harsashi" ta kashe mutane da dama. Ka duba mazaunin da idonka, ka kawar da bakin daga mutane, sannan ka tambaya.