3.2 Sauya Hotuna Daga Tsarin GIF Zuwa PNG (1987–2004)

Wannan sashe zai yi nazari ne a kan dalilan da suka sa masu amfani da kwamfuta suka riƙa sauya hotunansu daga wani tsarin ajiya zuwa wani, musamman daga GIF zuwa PNG.

A shekarun 1980 kamfanoni da dama suna da nasu tsarin ajiye hoto. Misali, ZSoft yana da PCX, shi kuma Aldus ya fito da TIFF a 1986. Saboda haka hoton da aka yi da wata manhaja ba lalle ne ya buɗu a wata ba, sai an sauya shi. Domin sauƙaƙa musayar hotuna ne kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da GIF a 1987. Wannan tsari yana ɗaukar launuka har 256, kuma yana rage nauyin hoto ta hanyar matse bayanai da ake kira LZW, wadda Terry Welch ya bayyana a 1984.

Sai dai LZW tana da mai ita. An yi mata rajistar haƙƙin mallaka a 1985, kuma haƙƙin ya koma hannun kamfanin Unisys. A watan Disamba na 1994 aka sanar cewa masu sayar da manhajojin GIF za su riƙa biyan kuɗin lasisi. Wannan ne ya sa a watan Janairu na 1995 Thomas Boutell da wasu masana suka fara tsara PNG, wanda kowa zai yi amfani da shi kyauta. Ƙungiyar W3C ta amince da shi a 1996.

Yadda ake sauyin shi ne, manhaja irin su gif2png takan warware matsewar LZW, ta karanta launin kowane ɗigo, sannan ta sake matse bayanan da wata hanya mai suna Deflate. Ta haka hoton ba ya rasa ko ɗigo ɗaya. Amma fa GIF yana iya ɗaukar hotuna masu motsi, alhali PNG na wancan lokaci hoto ɗaya tak yake ɗauka. Don haka ko da aka ware ranar 5 ga Nuwamba, 1999 domin kiran jama'a su yi watsi da GIF, masu hotuna masu motsi ba su da inda za su koma.

Haƙƙin Unisys ya ƙare a Amurka a 2003, a Turai da Japan kuma a 2004. Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa batun doka da kuɗi ne ya haifar da wannan sauyi tun farko, kuma motsin da PNG ya rasa shi ne ya hana GIF ɓacewa.