Kalangu a Kan Awon Na'ura

Iyaye da yawa a Ƙonni, Malbaza da Illela suna ƙorafin yaro ya kwana gaban kwamfuta wai yana haɗa kiɗa. Ni malamin lissafi ne, kuma ina ganin ya kamata mu san abin da yaran ke fama da shi kafin mu yanke hukunci. Sukan yanko guntun tsohon kiɗa, misali bugun kalangu daga kaset, su nemi ya yi tafiya ɗaya da sabon kiɗan da suka tsara. Matsalar ta girme su nesa.

A zamanin faifai da kaset, gudu da murya a ɗaure suke. Duk wanda batir ya taɓa yi wa sanyi yana sauraron Ɗan Anace ya san yadda waƙa ke jan ƙafa, murya ta yi kauri. In kuma gudu ya ƙaru, sai ta sirance. Haka na'urorin farko masu ɗaukar guntun sauti suke, irin Fairlight da ta fito daga Ostareliya a 1979. SP-1200 ta 1987 kuwa daƙiƙa 10 kacal take riƙewa, shi ya sa masu kiɗan gambarar zamani a Amurka suke juya faifai mai gudun 33 a kan 45 don ya shiga, sannan su sassauta shi cikin na'urar. A 1988 Akai S950 ta yaɗa dabarar miƙa sauti ko taƙaita shi ba tare da murya ta canza ba. Da manhajar Ableton Live ta zo a 2001, abin ya koma jan layi a allon kwamfuta.

Ga inda malamai za su so abin. Guntun da ke da bugu 4 cikin daƙiƙa 2.4, gudunsa bugu 100 ne a minti. Sabon kiɗan kuma 120 ne, wato dole bugu 4 ɗin su shiga daƙiƙa 2. Gudu ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, amma tsawo ya ragu da ɗaya bisa shida kawai. Ɗalibai nawa ke faɗuwa a wannan tambaya a aji? Yaron nan da kunne yake warware ta.

Damuwata dabam ce. Tun tsakiyar shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan kiɗan finafinan Kano irin na Iyan Tama, kaset ɗin suka bi hanyar Sakkwato suka ƙetaro iyaka zuwa Ƙonni, kunnen yaranmu ya saba da bugun da ba ya gaba ba ya baya. Makaɗin kalangu a fagen dambe ba haka yake ba. Yana bin ƙafar ɗan dambe, ya ɗan dakata mawaƙi ya ƙarasa kirari, ya zaburo in fage ya yi zafi. In aka jera kowane bugu nasa a kan layin na'ura, wannan numfashin ne ake gogewa, yaro kuwa ya ɗauka gyara ya yi.

Manhajojin nan suna iya yin akasin haka: a bar kalangu yadda aka buga shi, a auna gudunsa, sauran kiɗan su bi shi. Ya fi cin lokaci, kuma sai yaro ya saurari kaset ɗin tun daga farko har ƙarshe kafin ya yanka.